Makullin da Gershon Ya Tafi da Shi

Gershon mutum ne da ke kulle ƙofa, ya yi taku uku, ya dawo ya girgiza kwaɗon. Shekara ashirin da takwas ya yi yana ba jirgin ƙasa hannu a tashar Kafanchan, da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shagon buga takardu a gaban gidansa. Ɗalibai suka riƙa zuwa da filas ɗin ajiye bayanai cike da cutar kwamfuta, kwamfutarsa ta mutu sau biyu a wata guda. Ranar ya yi rantsuwa, ya sa mata wani tsari na kyauta mai suna OpenBSD, wanda hotonsa kifi ne mai ƙaya. Matarsa Emilia ta leƙa ta ce, "Baban Stella, wannan ai ɗan'uwanka ne. Ku duka ba a taɓa ku."

Kifin kuwa ya yi aiki. Da shi Gershon ke buga takardun biki da na jana'iza, a cikinsa sunayen manoman citta na ƙungiyarsu suke, mawaƙan coci kuma su tsaya a baranda su saukar da waƙoƙin Lahadi a wayoyinsu. Batirin sola ke riƙe da injin, bai taɓa mutuwa ba. In har ya mutu, ba ya tashi sai an soka masa wata ƙaramar filas baƙa, ita ce makullin duk abin da ke ciki. Gershon ya ɗaura ta a zare ya rataya a wuya, ko wanka zai shiga sai ya kama ta da haƙori.

Akwai abu ɗaya a injin da ba na kasuwa ba. Ƴarsu tilo, Stella, ta rasu wajen haihuwa a Godogodo. Kafin nan uban ya taɓa ɗaukar muryarta tana koyon waƙar Ista a shagon, tana kuskure tana dariya, tana cewa, "Baba, goge wannan!" Bai goge ba. Kowace safiya bayan addu'a yakan kunna wa Emilia minti huɗun nan, ya yi kamar yana gyara firinta.

Da hawan jini ya kwantar da shi, ya nuna mata maɓallin da za ta danna. Maganar makullin ce ya ce sai ya warke. Bai warke ba.

Ranar jana'iza aka sa masa kwat ɗinsa ta mawaƙa. Emilia ta ga zaren a wuyansa, wata ƙanwarsa ta kai hannu za ta cire, ta ce a'a. Mutumin da bai rabu da abu ba ko a banɗaki, ba za a raba shi da shi a akwati ba. Ita a zatonta wani abin tunawa ne daga tashar jirgi.

Wata bakwai injin yana aiki babu maigidansa. Mawaƙa suna zuwa baranda kamar da, Emilia tana danna maɓallinta kowace safiya. Sai a watan Agusta aka yi kwana huɗu ana ruwa, rana ba ta leƙo ba, batirin da ya riga ya tsufa ya sauka. Da hasken ya dawo, allon ya tsaya baƙi da ƴan rubutu farare.

Ta aika aka kira Umar Faruk, mai gyaran waya a kasuwa, abokin musun Gershon na shekaru. Ya zauna, ya karanta, ya cire hula ya sosa kai.

"Mama, ina baƙar abar nan da Baba ke ratayawa?"

"Tana wuyansa."

"A'a, ina nufin yanzu."

"Yanzun nake nufi, Umaru."

Ya mayar da hularsa kai. Ta ce ba shi ne ke buɗe wayoyin da masu su suka manta lamba ba? Ya ce wannan ba waya ba ce. "Ko waɗanda suka ƙera shi ba za su iya ba, Mama. Na sha gaya masa ya yi makulli biyu. Ya ce na biyu ɓarawo ake yi wa."

Emilia ta yi dariya, don muryar mijinta ce sak, dariyar kuma ta ƙare a bakin zanenta.

Umar Faruk ya yi ƙasa da murya ya ce in dangi da fasto sun yarda, kabarin ai ba nisa. Ta girgiza kai.

"Bar shi ya huta. Yana raye ma bai ba ni ba."

Ya ce zai iya goge komai ya sa sabon tsari, shagon ya ci gaba. Ta ce ya sayo wata tsohuwar kwamfuta don mawaƙa da manoma, su sake rubuta sunayensu. Wannan kuwa kada ya taɓa ta, Stella tana ciki.

Har yau injin yana kan teburinsa, an rufe shi da zanen zumuntar matan coci. Da safe bayan addu'a Emilia takan goge masa ƙura, ta zauna, ta rera waƙar Istar da kanta. Idan ta zo inda yarinyar ta yi kuskure, ita ma sai ta yi shi.