Mai Madubi: Sufeton Zanen Yatsa da Ɗansa da Bai Dawo Ba

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Sufeto mai ritaya, wanda abokan aiki da maƙwabta suka fi sani da laƙabin Mai Madubi, a shekara ta 1951, a garin kakanninsa, cikin wani gida mai ɗaki uku da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a cikin gida, kuma shi ne na huɗu a cikin 'ya'yansu bakwai. A gefen teburin mahaifinsa ya tashi, yana riƙe masa ƙananan kusoshi a tafin hannu, har ya saba da ƙura wa abu ido na tsawon lokaci ba tare da ya ƙosa ba. Yayyensa sukan tsokane shi da cewa ko abinci aka zuba masa sai ya gama nazarinsa kafin ya kai loma.

Karatu da shiga aiki

An sa shi makarantar firamare a 1958, ya kammala sakandare a 1970. Bayan shekara biyu ya shiga aikin ɗan sanda a matsayin kurtu, duk da cewa mahaifiyarsa ba ta so ba, domin a ganinta yaron da ko kaza ba ya iya daka wa tsawa ba shi da abin yi a cikin kaki. Ya yi sintiri, ya ba da hannu a kan titi, har zuwa 1976, lokacin da aka zaɓe shi ya halarci kwas na nazarin zanen yatsa da ɗaukar hoton wuraren da aka aikata laifi.

Da ya dawo, sai aka ba shi wani ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen barandar hedikwata, cike da akwatunan kati da warin tawada da ruwan wanke hoto. Kayan aikinsa ba su wuce baƙar hoda da burushi mai laushi da salatif da kyamara ba, sai wani madubi mai ƙara girman abu da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Daga wannan madubi laƙabinsa ya samo asali.

Aure da iyali

A 1978 ya auri wata malamar firamare, wadda har ƙarshen rayuwarsa Malama yake kiranta, ita kuma tana ce masa Malam. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Malama takan gaya wa baƙi cewa a gidansu ba a satar sukari, domin duk wanda ya taɓa gwangwanin, uban zai yi barazanar ɗauko burushi, nan take mai laifi ya tona kansa. Wanda ya fi tona kansa shi ne ɗansu na biyu, wanda aka haifa a 1981, ake kuma ce masa Dogo. Sai dai barazanar ba ta taɓa wuce baki ba. Yaran sun sha roƙonsa ya dangwala musu tawada su ga zanen yatsunsu, yana ƙi, yana cewa tawadarsa ta masu laifi ce da matattu.

Shekarun aiki

A wancan zamani yawancin bincike ya dogara ne ga shaidar baki da amsa laifi, kuma ba kullum ake samun amsar cikin lalama ba. Mai Madubi ya tsani wannan hanya, ko da yake ba mutum ne mai jayayya ba. A 1985 aka kama wani mai gadi bisa zargin kashe maigidansa, har ya amsa. Mai Madubi ya koma gidan shi kaɗai, ya bi ƙofofi da tagogi da hodarsa, ya ɗago zanen babban yatsa a gilashin tagar ɗakin kwana, wanda bai dace da na mai gadin ba. Ya shafe makonni yana gwada shi da katunan da ke akwati ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da na wani da aka taɓa ɗaurewa kan fasa gida. Kotu ta sallami mai gadin, kuma daga lokacin manya suka daina ɗaukar ɗakin aikinsa a matsayin ma'ajiyar tarkace. Ya zama Saje a 1987, ya kai Sufeto a 1996, aka kuma ƙara masa nauyin gano gawarwakin da ba a san masu su ba.

Ɓatan Dogo

A 2003 Dogo ya kammala karatun aikin lantarki, ya sami aiki a wani birni mai nisa. Ranar tafiyarsa uban ya yi niyyar raka shi tasha, sai aka aiko mota ta ɗauke shi zuwa wurin wani fashi. A bakin ƙofa suka yi sallama cikin gaggawa, Mai Madubi yana ɗaure igiyar takalmi, ko ɗago kai bai yi sosai ba. Dogo bai isa inda za shi ba. Direban motar da ya shiga ya ce ya sauka a wata mahaɗar hanya domin ya canza mota, daga nan kuma babu wanda ya sake ba da labarinsa. An bi asibitoci da gidajen yari da tashoshi, an yi cigiya a rediyo, shiru.

Da aka kai wata guda, sai marigayi ya dawo gida da jakar aikinsa, ya shiga ɗakin Dogo, wanda Malama ta hana kowa sharewa. Ya durƙusa ya bi kofin shayinsa da murfin rediyonsa da makunnin fitila da burushi, kamar yadda ya yi a ɗaruruwan ɗakuna na wasu mutane, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya sami zanen yatsu uku masu kyau. Da ya miƙe, sai ta tambaye shi abin da zai yi da su, ko da yake su biyun sun san irin yatsun da ake kawo masa ya gwada.

Tun daga ranar, duk gawar saurayin da aka kawo ba a san danginsa ba, sai ya fara gwada ta da zanen Dogo kafin na kowa. Ya taɓa gaya wa mataimakiyarsa, wata Kofur da ya horar, cewa shi kaɗai ne mai neman abu a ginin nan yana addu'ar kada ya samu.

Zuwan na'urori

A 2008 aka kawo kwamfuta mai daidaita zanen yatsa, wadda ke yin aikin makonni kafin shayi ya huce. Tsofaffin ma'aikata da dama sun ja baya da ita, amma shi ya zauna kamar ɗan aji ɗaya, Kofur tana nuna masa inda zai danna. Zanen farko da ya sa aka shigar na Dogo ne.

A shekarar da ta biyo baya na'urar ta nuna kamanni tsakanin ɗaya daga cikin yatsun Dogo da na wani saurayi da mota ta buge ya mutu a wata jiha. Kofur ce ta fara gani, ta rasa yadda za ta faɗa masa, sai kawai ta juya masa allon. Ya ciro madubinsa ya duba zanen biyu da idonsa, ya ga kamar wani layi ya rabu biyu a ɗaya bai rabu a ɗayan ba, amma ya ce a wannan magana bai yarda da idonsa ba. Ya yi tafiyar yini guda, aka buɗe masa gawar a ɗakin ajiye gawa. Ba Dogo ba ne.

Da ya dawo ya tarar da Malama zaune a tsakar gida da mayafinta a jiki, ta yi shirin karɓar gaisuwa.

Ya ce, "Ba shi ba ne, Malama."

Ta ce, "Malam, godiya zan yi ko kuka? Ni dai ban sani ba."

Ya zauna kusa da ita, ya ce shi ma hanyar nan duka abin da yake tambayar kansa ke nan. Bai saki maganar saurayin da motar ta buge ba sai da ya gano mahaifiyarsa, ya kuma je da ƙafarsa ya sanar da ita. Daga baya ya ce ya ga matar ta yi kuka mai tsanani, amma ya fito daga gidan yana jin ta fi shi samun sauƙi.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya a 2011, amma bai daina leƙa tsohon ɗakinsa ba, wanda ya zama sashe guda mai na'urar sanyaya ɗaki da matasa sanye da fararen riguna, suna bin sawun waya, suna duba hotunan kyamarorin tsaro. Yakan tsaya a bayansu ya ce da a ce ko ɗaya daga cikin waɗannan na nan a mahaɗar hanyar nan, da an san motar da yaron ya shiga. A 2014, da aka fara gwajin ƙwayoyin halitta domin gano waɗanda suka ɓata, shi da Malama suka je aka goge musu cikin kunci da auduga, aka adana.

A 2019 tsohuwar mataimakiyarsa, wadda a lokacin ita ke shugabantar sashen, ta kawo masa hoton da na'ura ta ƙera daga tsohon hoton Dogo, mai nuna yadda fuskarsa za ta kasance yana dab da shekara arba'in. Idon marigayi ya riga ya yi rauni, sai da ya kai hoton bakin taga. Malama ta karɓa ta duba, ta yi dariya da hawaye, ta ce, "Ai wannan kai ne, Malam, lokacin da kake da gashi." Ya sa aka yi wa hoton gilashi. Da yamma yakan sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya fuskanci hanyar da ke fitowa daga tasha, duk dogon mutumin da ya doso sai ya bi shi da ido har ya wuce.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2022, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan gajeriyar jinya a gidansa. Kafin ya cika ya yi wasiyya cewa kada a cire bayanan Dogo daga na'ura, kada kuma a sayar da gidan, domin nan kaɗai Dogo ya sani. An yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar unguwa, tsofaffin abokan aikinsa da ɗalibansa suna cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya kamar haka: babbar 'yarsa, mai harhaɗa magunguna, ta ukunsu, malamar lissafi, na huɗunsu, makaniki, sai auta, wadda ta gaji aikinsa a sashen bincike. Da aka zo kan na biyu, mai rubuta wannan tarihi ya tambayi iyalin ko za a sa shi cikin waɗanda marigayi ya bari ko cikin waɗanda suka riga shi. Malama ta ce tun da babu wanda ya kawo mata shaida, a rubuta shi tare da 'yan'uwansa. Saboda haka, ya bar Dogo, mai aikin lantarki, wanda ya yi tafiya. Allah ya jiƙan Mai Madubi, ya haskaka makwancinsa.