Farin Ƙyallen Emrys

Gwenda ta tsufa tana soya kifi da dankali a shagon bakin tasha, amma a garinmu da ke ƙasar Wales ba da kifi aka san ta ba. Duk shekara, lokacin kaka, takan ɗauko ɗaya daga tsofaffin littattafan da aka tilasta mana karantawa a makaranta, masu 'yan mata da shan shayi da jiran miji, ta mai da shi wasan kwaikwayo, ta cusa matattu a ciki, su taso daga kabari su cinye rabin dangin amarya. Malaman adabi suna tsine mata, amma su ke fara kama kujera. Ni aikina zama gefen labule, ina tuna wa 'yan wasa abin da suka manta.

Muna da ƙa'ida. Matattun ba ta dandamali suke fitowa ba, ta ƙofar baya suke shigowa, su bi cikin 'yan kallo suna cafke wuya. Wanda ba ya so a taɓa shi, sai ya karɓi farin ƙyalle a ƙofa ya ɗaura a hannu.

Mijinta Emrys, tsohon mai fasa dutse, ciwon mantuwa ya ci shi. Wani lokacin ya gane ta, wani lokacin a'a, kuma likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki firgita ba. Ran Asabar da rana 'yarsu Nerys ta kawo shi kallon wasan. Mai tsaron ƙofa ya ga mijin marubuciya, ya ce ai ɗan gida ne, ya san komai, bai ba shi ƙyalle ba. Har yau ina jin haushin mutumin nan.

Gwenda na kan dandamali a matsayin uwar amarya, tana zuba shayi, lokacin da ta hango shi zaune a bakin hanyar da matattun ke bi, hannu babu komai. Ta ajiye butar. Na raɗa mata kalamanta, ba ta ko dube ni ba. An riga an rage fitila. Ƙofar baya ta buɗe.

Idwal mahauci ne a gaban matattun, fuska shafe da toka, jinin ƙarya na ɗiga daga haɓarsa, yana duba hannuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya masa. Saura layin kujeru biyu ya isa wurin Emrys.

"Idwal, kai jaki, tsaya nan," in ji Gwenda.

Jama'a suka kwashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Shi ma haka ya ɗauka, ya ƙara gurnani.

Ta diro daga dandamali da doguwar rigarta, ta ruga. Kafin ta isa, Emrys ya miƙe. Numfashinsa sama-sama. Nerys tana jan rigarsa tana cewa, "Baba, wasa ne, zauna." Ya fizge, ya jawo Gwenda bayansa, ya ɗaga sandarsa a fuskar Idwal. Sai a lokacin mahaucin ya ja da baya, dariya ta ɗauke.

"Emrys, ni ce," in ji Gwenda. "Zauna, don Allah."

Bai waiwayo ba.

"Baiwar Allah, gudu ki fita, ni zan tare su," ya ce. "In kin bi ta tasha, ki gaya wa matata ta kulle shago."