Ƙurar Zinariyar Inna a Titin Elm

Unguwar Wendover, shida saura kwata

Ina sallame sallar asuba na ƙulle munduwar Inna a bakin zane, na fita. Ita kaɗai ce rabona a gadon mahaifiyarmu, ga shi ta tsage a gefe. Maƙwabciyata Anti Ladi, 'yar Jos, ta yarda ta raka ni wurin maƙerin zinariya ta yi mini tafinta kafin ta wuce aiki, don Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Dala ɗaya kowa ya jefa a akwatin bas. Direban ya yi mini murmushi, ni kuwa na ƙara damƙe bakin zanena.

Tasha, shida da rabi

Muka sha shayi da burodi a tsaye, dala uku, shayin kamar ruwan wanke kofi.

"Maman Hadiza, wai saurin me kike? Sai tara suke buɗewa fa," in ji Anti Ladi.

"So nake in ga gidan tun masu shi ba su shirya mini ba."

Titin Elm

Tafiyar minti goma ce a ƙasa. Gidan na jan bulo ne, hawa biyar, da ƙaton agogo a goshinsa. Na zagaya shi sau biyu, na ƙirga ƙofofi uku. Ban ga abin da mai gaskiya zai yi da ƙofa uku ba.

Hawa na uku, tara daidai

Maƙerin wani tsohon Bature ne mai rawar murya, amma hannunsa ko gezau. Ya duba munduwar, ya ce in bar ta in dawo Alhamis. Na ce sam. A Maradi gaban maƙeri ake zama, idonka a kan kayanka har ya gama.

Wai don ya kwantar mini da hankali, sai ya shiga ba mu tarihin gidan, Anti Ladi tana fassarawa. Banki ne da farko. Da bankin ya tashi, masu gyaran agogo suka kama ƙasa, maƙera suka cika sama, har da ubansa. Da manyan kantuna suka janye mutane zuwa bayan gari, aka yi ta rufewa, saura su huɗu. Ya ƙara da alfahari cewa shekarar da aka sake katakon daɓen, sun ƙona tsohon katakon, suka tace tokar, suka sami zinariyar da ta gyara musu rufi.

Na juya wurin Anti Ladi. "Anti, tambaye shi, zinariyar wa?"

Ta tambaya. Tsohon ya sosa ƙeya. Ya ce ƙura ce kawai, wadda magagari ke zubarwa.

"Daga kayan mutane dai ko?"

Ya ce e.

Na cire mayafina, na durƙusa na shimfiɗa shi ƙarƙashin teburinsa. Anti Ladi ta rufe fuska, "Wayyo, kin gama da ni yau!" Shi kuwa ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo mini kujera, ya ɗauki magagari.

Minti arba'in ya yi, ban ƙifta ba. Da ya gama, da kansa ya tattara mayafin, ya kakkaɓe shi a kan farar takarda, ya share teburin da ɗan buroshi, har ƙarƙashin farcensa ya duba. Ya ninke takardar ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce tun yana yaro yake cikin gidan nan, ba wanda ya taɓa neman ƙurarsa. Ladan aiki dala talatin da biyar.

Gida, sha biyu saura

Na kulle ƙofa, na buɗe takardar a hankali. Abin bai kai ƙwayar gero ba. Amma shekara arba'in yana jikin hannun Inna, yana daka da wanki tare da ita, kuma saura kaɗan in bar shi a daɓen wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba. Na zauna na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka bugo mini waya cewa ta rasu.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Anti Ladi da ta sha kunya saboda ni.