Kwalin Kifin da Na Ƙi Dafawa

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Shifa a nan Riyad, maigidana yana aiki a ofishin jakadancinmu, na yi wa mahaifiyata abin da har yau wasu a danginmu ba su gama yafe mini ba.

Mahaifiyata mai bandar kifi ce a garinmu na bakin kogi, ita ce ma shugabar matan da ke sana'ar. A lokacin hukuma na ƙoƙarin gyara dokokin abinci don ƙasashen waje su yarda kifinmu ya shiga kasuwanninsu. Malaman gona suka je garinmu, suka ce a daina shanya kifi a ƙasa, a kuma daina yayyafa masa fiya-fiya, maganin ƙwarin nan. Inna ta fatattake su, kuma tunda ta ƙi, sauran matan ma suka ƙi. Ta ba ni labari a waya tana dariya: "Yaran da ba su san tarwaɗa da karfasa ba, su za su koya mini kifi?" Ni ma na taya ta dariyar, Allah Ya yafe mini.

Sai ƙanen maigidana ya zo Umara, ya biyo ta wurinmu da kwalin kifi daga Inna. Saboda ɗoki har kasuwar Utaiƙa na sa aka kai ni na sayo kuɓewa. Ina buɗe kwalin wari ya daki hancina, irin na ɗakin da aka fesa wa maganin sauro. Na ajiye gutsure a bakin taga, ƙuda ya zo ya zaga ya zaga, ya ƙi sauka. Ga yarana uku suna jiran miya. Na ɗaure kwalin na kai bola, na dawo na zauna a matakala ina kuka, don na san hayaƙin da idanun Inna suka sha kafin kwalin ya cika.

Maigidana ya ce, "Ki ce mata mun ci, ya yi daɗi. Wa zai kai mata rahoto?" Na ce ba zan yi wa uwata ƙarya ba, kuma 'ya'yan wasu na cin irinsa kullum.

Na kira ta, muka gaisa, na ce, "Inna, saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri. Amma ban dafa ba, fiya-fiya ne a jikinsa."

Ta ce, "Gumina kika zubar? Da wannan kifin na raine ki."

"Ba da irinsa ba, Inna. Ni nake daka wa Kaka barkonon da take barbaɗawa, kuma duk bayan kwana uku sai ta mayar da kifinta kan wuta. Fiya-fiya daga baya ya shigo."

Ta kashe wayar.

Washegari yayana ya kira. "To Balarabiya, an samu iƙama, takardar zaman Saudiyya, an fi ƙarfin abincin gida?" Na ce, "Yaya, in abincin gida ne, ka ɗiga wa ɗanka fiya-fiyan a kunu mu gani." Da ma bakina haka yake, ba ya jiran izini.

Wata huɗu Inna ba ta ɗauki wayata ba. Duk Juma'a sai na kira, ta yi ta ringin har ta katse. Na rame, na yi ta addu'a, don fushin uwa ba abin wasa ba ne. Na aika ƙanwarta ta ba ta haƙuri a kan ɓacin ran da na jawo, amma na ce kada ta ce na janye maganata, don ban janye ba.

Ran nan ina wanke-wanke sai ga kiranta. Ko gaisuwata ba ta bari na ƙarasa ba. "Ke, barkonon nan, kakarki zalla take sawa ko da toka?"

"Da toka, Inna."

"Na sani. Gwada ki nake yi."

Ban san inda maganar fitar da kifi waje ta kwana ba, kuma da Inna ta bar fiya-fiya ta koma barkono da toka, ba duk matan ne suka bi ta ba. Masu cewa na yi rashin kunya su ci gaba. Ni dai an koya mini in bi iyaye, ba a koya mini in bar uwata ta ɗauki alhakin cikin mutane ina kallo ba. Da na yi shiru a lokacin, da ni ce ban yi mata biyayya ba.