Dutsen Teku a Murhun Inna

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur suka fara kawo kwalta yankinmu, na ji wata ƙara, tas! daga madafin mahaifiyata a Maruta. Har yau ina jin ta.

Ina makarantar kwana a Birnin Kudu a lokacin. Malamarmu ta labarin ƙasa, wata Baturiya, ta ba ni aron wani falalen dutse mai toka-toka, faɗin tafin hannu, daga gaɓar tekun ƙasarsu. Hawa-hawa yake kamar an jera takardu, da hoton dodon-koɗi a naɗe a jikinsa. Ta ce laka ce ta kwanta a ƙarƙashin teku a zamanin Jurasik, sama da shekara miliyan ɗari da arba'in, ta danne halittar, ta zama dutse.

"Ki zana shi a hutu," in ji ta. "In ya yi kyau, ni zan rubuta miki takardar shiga jami'a, ki karanci duwatsu."

Ni da ban taɓa ganin teku ba, har kanga shi nake a kunne.

Ranar nan ina gida hutu, tukunyar tuwo ta karkace a murhu, Inna ta ɗauki dutsen ta tokare ta. Duwatsunmu na nan ba sa tsoron wuta, kaka da kakanni da su ake girki. Wannan kuwa ya tarwatse.

"Inna, na makaranta ne!"

"Yo wannan ma dutse ne? Ko tuwo bai jira ya nuna ba. Je ki bayan gidan nan ki ɗebo wa malamar taku goma, masu ƙwari."

Na tsince ɓaraguzan cikin toka ina kuka, ita tana dariya.

Da muka koma makaranta, kunya ta hana ni faɗa wa malama. Na koma kujerar baya. Sau biyu malama tana aikowa, ina cewa zazzaɓi nake. Shekara ta ƙare, ta tafi, takardar ba a rubuta ba. Ban karanci duwatsu ba.

Na daɗe ina ɗora wa Inna laifi. Yanzu na san tuwonta kawai take tsarewa. Bakina ne ya cuce ni.

Bayan shekaru wata ƙawata ta je wannan gaɓar teku. Ta ce duk sanda ruwa ya zaftaro gaɓar, irin dutsen nan zube yake a rairayi. Bokiti-bokiti ake tsinta, kyauta.