Gonar Kawu Sale a Hawa na Huɗu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Hindawiyya ya san amsar Kawu Sale, yayan mahaifiyata, idan aka tambaye shi sana'arsa: "Manomi ne ni. Gadi nake ɗan taɓawa kafin damina ta faɗi." Shekara talatin da ɗoriya yana gadin bene ɗaya a Jidda, har yau daminar ba ta faɗi ba.

Kada dai a yi masa sharri, gonar tana nan. A saman benen take, gero ne a cikin gwangwanayen fenti, yana shan ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Da zarar zangarniya ta fito sai ya saka mata safa saboda tantabaru. Na taɓa kwana uku ina neman safar da nake zuwa aiki da ita, ashe tana can sama tana gadin gero.

Wata rana ya ji a rediyo cewa gwamnati za ta raba wa manoman ƙaramar hukumarsu ta can gida tallafin taki, amma sai mutum ya turo hotonsa a tsaye cikin gonarsa. Ya zura babbar riga, ya ɗora fartanya a kafaɗa, ya ce, "Yusufu, hau mu je."

Na kira shi kawu da Larabci, na ce, "Ya Khali, wallahi shanyar maƙwabta tana fitowa a hoton."

"To su manoma ba sa wanki ne? Yalla, maza ɗauka."

Bayan sati biyu malamin gona ya bugo waya, ina zaune ina ji.

"Alhaji, gonar nan eka nawa ce?"

"Gwangwani arba'in da ɗaya."

"A wace gunduma take?"

"Hawa na huɗu."

Sai muka ji malamin yana kiran abokan aikinsa su zo su ji da kunnensu. Kawu ya kashe waya ya ce yaron bai san noma ba.

Girbin shekarar bai cika kwano ba. Duk da haka ya ɗebi tafi guda ya ce zakka ce, ya kai wa limamin unguwa. Liman ya ce, "Ya Sheikh, ai bai kai nisabi ba." Kawu ya ce, "Karɓi dai, kada a ji a gari cewa na hana." Sauran aka dama kunu, aka raba wa layi kaf a kofunan gahawa.

Muna ta dariya, amma abin yana ci masa rai. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, cewa take lebura ne, shi kuwa so yake ko sau ɗaya wata takarda ta kira shi da sana'ar ubansa. Shekara uku bayan haka ƙaninsa ya yi rajistar gonar gadonsu ta can gida da sunan Kawu, saƙo ya shigo wayata: sunan Sale ya fito a jerin manoma, buhu biyu.

Na ce, "Halas, shi ke nan, ya za a yi da takin?"

"Ƙanena ya zuba a gona. Kai dai sake karanta min."

Sau biyar na karanta. Ya sa na buga masa a takarda, ya ninke ta tare da iƙamar. A nan muka same ta ranar da ya rasu, ta yi laushi saboda yawan buɗewa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya ba shi gonar da ba ta jiran damina.