Giwa da Kunkuru

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da muka ɗauko Gwaggo daga ƙauye ba, a shekarun nan na fari da mutane suka koma cin anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci.

A lokacin, mai son sayen mota a Damagaram tasha yake zuwa ya zauna wajen tsofaffin direbobi, su jera masa motoci daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kuma maganarsu yankan wuƙa ce. Ta ɗaya a wurinsu wata doguwa ce da suke kira Giwa. Wai ba ta san gareji ba, ba ta kwana a hanya, sai dai mai ita ya tsufa ya bar ta. Ta ƙarshe kuwa wata 'yar gajeruwa ce mai ƙara kamar injin niƙa, suna ce mata Kunkuru, iska ke sanyaya injinta, ba a zuba mata ruwa. Da yayana ya ce ita yake sha'awa, dariya suka yi, har wani ya tambaye shi ko tallan ƙuli-ƙuli zai yi da ita. Ni ma na taya su dariyar. Wani ya ɗan ambata cewa Giwa akwai shan ruwa, aka ce ai wannan ba aibi ba ne, kowane gari da rijiyarsa. Yaya ya sayi Giwa, muka shigo da ita unguwarmu ta Kara-Kara muna hura hanci.

Ba a daɗe ba aka aiko mana cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu wadda ta raine mu, tana kwance, zawo ya ƙarar da ita. Ƙauyenta yana can bayan Hamdara, hanyar rairayi ce zalla. Muka cika jarka da ruwa muka tafi, da niyyar mu kawo ta asibiti kafin rana ta faɗi.

Tun a zuwa Giwa ta shanye rabin jarkar. A dawowa, Gwaggo na kwance a baya rungume da gorarta, motar ta yi ta nishi cikin yashi har ta ƙarasa sauran, tururi ya fara tashi ta gaba. Na ruga wani gari da ke kusa. Na iske mata sun kewaye rijiya tun safe, guga na fitowa da laka. Wani dattijo ya ba ni haƙuri, ya ce ko 'ya'yansu da cokali ake ba su. Kunya ta hana ni cewa mota zan shayar.

Da na dawo hannu rabbana, Gwaggo ta miƙa wa Yaya gorar. Ya ƙi karɓa.

"Zuba mata, ɗana," ta ce. "In ta kai mu, na sha a birni."

Ya karɓa ya zuba. Ruwan gora kuwa me zai yi wa Giwa? Ta ɗan taɓa tafiya ta sake tsayawa, wannan karon ba ta ƙara tashi ba. Muka kwantar da Gwaggo a gindin gawo, leɓɓanta sun bushe, ba mu da ko ɗigon da za mu jiƙa mata su. Ba ta yi ƙorafi ba, sai salati. Kafin la'asar Gwaggo ta cika.

Can wajen yamma muka ji ƙara tana tahowa. Wani malamin dabbobi ne cikin Kunkuru, tana tafe bisa yashi ba abin da ya dame ta. A cikinta muka kai gawar Gwaggo gida. Har muka isa na kasa kallon Yaya.

Har yau abin yana ci mini rai. Na daɗe ina jin haushin direbobin nan, daga baya na gane ba ƙarya suka yi ba. Sun auna Giwa ne a shekarun da tabkuna ke cike, mu kuma muka ɗauki yabonsu muka shiga da shi shekarar da babu ruwa. Shi ya sa yanzu, in yarana sun zo suna nuna mini motar da aka ce ta fi kowace ƙarko, nakan ce su tambaya wa ya gwada ta, a wace hanya, kuma a wace irin shekara. Da mun yi wannan tambayar, ko da kwanan Gwaggo ya ƙare, da ta tafi da ruwa a bakinta.